Kafin a Kafa Tunga a Ƙasar Ngaski

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kano ko Katsina ya san al'adar ruwa. Kududdufi da tafki suna cika a Agusta, su fara ja da baya da kaka, kafin Maris sai tsagaggiyar laka. Wanda ya ɗauki wannan sanin ya tafi da shi bakin tafkin Kainji neman gona, yana iya biyan kuɗin filin da ke yin rabin shekara a ƙarƙashin ruwa. A can lissafin a juye yake. Tafkin yana kaiwa ƙarshen ramewarsa ne wajen Yuli da Agusta, ana tsakiyar damina, sannan ya cika maƙil ya zauna haka cikin hunturu, lokacin da ko ɗigon ruwan sama babu. Tsakanin cikarsa da ramewarsa akwai kusan mita 10 a tsaye. Inda gaɓa take a shimfiɗe kuwa, mita 10 a tsaye tafiya ce mai nisa a kwance.

Maganar ta taso ne domin ƙasar Ngaski da maƙwabtanta, Yauri da Shanga, suna cikin wuraren da ido ke kaiwa idan mutum ya gaji da gonar gado da aka yi ta rabawa har ta koma kamar tabarma. Ma'aikacin da ya yi ritaya yana neman inda zai noma abincinsa ya ɗaure 'yan awaki, matashin da ya ji labarin kuɗin albasa, manomin da 'yan bindiga suka koro daga Zamfara ko ƙasar Zuru, duk tambayarsu ɗaya ce: wurin zai riƙe iyali? Ngaski tana can kudancin jihar Kebbi cikin masarautar Yauri, hedikwatarta Wara a bakin ruwa. Faɗinta ya ɗan haura murabba'in kilomita 2,600, ƙidayar 2006 kuma ta ba ta mutum kusan 125,000. Ko da jama'ar ta ninka tun daga lokacin, wanda ya saba da cunkoson karkarar Kano zai ga fili har ya rasa inda zai tsaya. Ruwan sama yana kaiwa wajen milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa Oktoba, ya fi na Katsina da Sakkwato nesa ba kusa ba. Dawa na yi, masara na yi, gyaɗa da wake da rogo na yi, ga shinkafa a fadama, ga kifi.

A Amurka irin wannan tambaya tana da tsohon tarihi. Dokar da Shugaba Abraham Lincoln ya sa wa hannu a 1862 ta ba duk wanda ya zauna ya noma fili shekara 5 damar mallakar eka 160, kimanin hekta 65, kuma har yau akwai masu barin birni su koma daji su ci da guminsu. Kafin su tashi sukan buɗe taswirar hukumar agajin gaggawa ta ƙasar, FEMA, wadda ta auna kowace gunduma a kan nau'in bala'i 18, daga ambaliya har gobarar daji. Mai niyyar zama a Ngaski da ƙafarsa zai yi nasa awon, da bakinsa, da haƙurin komawa wuri ɗaya a lokuta dabam-dabam na shekara.

Dalilin juyewar lissafin yana cikin Kwara kanta. Kogin, mai tsawon kimanin kilomita 4,180, cika biyu yake kawowa a shekara. Ta farko farin ruwa, daga Agusta zuwa Oktoba. Wannan ruwan daminar nan kusa ne, na gulbin Sakkwato da Rima da Zamfara da Ka da ƙananan gulabe irin Malando, yana zuwa a dame da laka, shi ya sa ya yi fari-fari. Ta biyu baƙin ruwa. Shi kuma ruwan da ya sauka ne a tsaunukan Gini tun cikin damina, ya gangaro Mali ya bazu a fadamun Masina wajen Mopti, ya yi watanni yana jan ƙafa yana zubar da lakarsa, sannan ya biyo ta Yamai ya iso ƙasar Yauri cikin sanyi, garau da shi. Farin ruwa ke cika tafkin, baƙin ruwa ke riƙe shi a cike har wajen Fabrairu ko Maris. Daga nan injinan wutar lantarki na madatsar Kainji su ci gaba da zuƙa, ruwan ya yi ta sauka.

Kafin 1968 babu tafki a nan. Kogi ne mai tsibirai, Gungawa, waɗanda ke kiran kansu Reshe, suna zaune a kansu suna noman albasa, suna ban-ruwa da ƙwarya. An fara ginin madatsar a 1964, aka toshe kogin a 1968, ruwa ya haɗiye tsohon garin Busa da babban tsibirin Foge da ƙauyuka fiye da 200. Kimanin mutum 44,000 aka tayar. Gwamnati ta gina musu sababbin garuruwa a tudu, da gidajen siminti masu lanƙwasasshen rufi waɗanda wani Bature mai zanen gini, Robin Atkinson, ya tsara. Mutane da yawa sun ƙara ɗakunan ƙasa da bukkoki a gefe saboda zafi da ƙarancin wuri, wasu kuma suka sake gangarawa kusa da ruwa, domin mai albasa da mai koma ba sa iya zama nesa da gaɓa. Ga mai neman wurin gini a yau, waɗannan garuruwan ma'auni ne na kyauta. Injiniyoyin sun san iyakar inda ruwan zai tsaya, kusan mita 142 sama da teku, suka ajiye garuruwan bayan wannan layin. Duk tungar da aka kafa daga baya a ƙasa da su, caca mai ita yake yi, ko ya sani ko bai sani ba.

Ba wai a guji bakin ruwa ba ne, arzikin wurin ma a nan yake. Yayin da tafkin ke ja da baya, yana barin ƙasa mai danshi da sabuwar laka wadda ba ta neman taki da yawa, manoma su bi shi a baya da shuka, Fulani su gangaro da shanu su ci ɗanyar ciyawa a lokacin da ko'ina ya bushe ƙamas. Albasar Yauri da manyan motoci ke lodawa zuwa kudu daga irin wannan gaɓar take fitowa, yanzu da injin ban-ruwa a madadin ƙwarya. Sai dai gonar aro ce, mai ita yana da ranar da zai zo karɓar abinsa. Wanda ya makara da shuka da mako biyu ko uku zai yi girbi a cikin kwale-kwale, yana yankan kan shinkafa ruwa iya ƙirji, in ma ya tarar da abin yanka. Tsofaffin mazauna sun daɗe da raba ƙafa: dawa da gero na tudu su ne abincin gida, fadama ta kuɗi ce. Baƙo ne ke zuba duk jarinsa a fadama, saboda nan ne riba take a fili.

Shekarar 2020 ta nuna inda hakan ke kaiwa. A ƙarshen Agusta da farkon Satumba Kwara ta kai matakin da ba a taɓa aunawa ba a Yamai, gulbin Sakkwato da Rima suka tumbatsa, jihar Kebbi ta yi asarar ɗaruruwan dubban hekta na shinkafa ana dab da girbi. Da yawa cikin manoman da bashi suka yi noman, domin a Kebbi ne aka ƙaddamar da shirin bashin noman shinkafa na Babban Bankin Nijeriya a 2015. Ruwa ya tafi da amfani ya bar musu bashin. Kafin nan an ga ambaliyar 2012, bayan nan aka ga ta 2022 da ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin ƙasa, aka sake gani a 2024. Wanda zai yi ginin da yake fatan 'ya'yansa su gada ba zai lissafa irin wannan ruwan a matsayin abin da ke zuwa sau ɗaya a rayuwa ba. Kuma ba daga kogi kaɗai yake zuwa ba. Ruwan da ya kashe fiye da mutum 150 a Mokwa, cikin jihar Neja, a ranar 29 ga Mayu 2025, ruwan sama ne na dare da ya taru ya biyo kwari ya faɗa unguwanni mutane na barci. Busasshen rafi a bayan gida ya cancanci a dube shi da idon da ake duban tafkin.

To, yaya ake gane inda ruwa ke kaiwa? Dillali zai ce, "Alhaji, ruwa bai taɓa zuwa nan ba." La'adarsa yake nema. Shaidar tana jikin itatuwa. Inda ruwa ya kwanta yakan bar zoben busasshiyar laka a gindin giginya, sama da shi kuma ga tarkacen ciyawa da tsummokara da leda a maƙale a reshe, wani lokaci sama da kan mutum. Giyayya itacen fadama ce, inda ta yi yawa ruwa na kwana. Kuka da kaɗanya kuwa ba sa jure tsayuwar ruwa a ƙafarsu, saboda haka tsohuwar kuka shaidar tudu ce ta shekaru aru-aru. Ƙasa baƙa mai tsagewa da rani, da bawon katantanwa a cikin kunya, labarin da suke bayarwa ɗaya ne. A kuma nemi maƙabartar garin, domin babu jama'ar da ke binne iyayenta inda ruwa zai tone su.

Sai tambaya, ita ma da dabararta. Wanda ya ce wa dattijo "ruwa na zuwa nan?" zai samu amsar da ake ba baƙo don kada a ɓata masa rai ko a ɓata cinikin wani. Wanda ya ce, "Baba, a shekarar babban ruwan nan, ina kuka kai awaki?" za a nuna masa wurin da yatsa, a ƙara masa da labarin wanda rumbunsa ya tafi. Matan gari su suka san rijiyar da ke ƙafewa a Afrilu da wadda ruwanta ke da gishiri-gishiri. Sarkin ruwa shi ya san inda gaɓa ke zaftarewa.

Ginin ƙasa daga ƙafa yake mutuwa. Ruwa ya kwana biyu a gindin katanga, sai ta jiƙe ta zauna, rufi ya biyo. Shi ya sa mai ɗan hali yake yin tushe da dutse ko bulon siminti har gwiwa kafin ya ɗora tubali, ya cika daɓen ɗaki ya fi tsakar gida tudu, ya buɗe wa ruwa hanyar fita kafin damina. A wannan fannin Kambari, waɗanda suna cikin tsofaffin manoman yankin, malamai ne. A gidan Bakambare rumbu ba ya taɓa ƙasa. A kan duwatsu yake zaune, iska na ratsawa ta ƙarƙashinsa, gara da danshi ba sa samun hanya, ga hular ciyawa a kai da ake sabuntawa, kuma sau da yawa rumbunan sun fi ɗakunan kwana yawa da samun kulawa. Abin da ya rage wa mai hankali shi ne kada ya tara komai wuri ɗaya. Irin shuka na baɗi a raba shi biyu, rabi a gida, rabi a hannun ɗan'uwa a gari mai tudu. Masai ya yi nisa da rijiya ya kuma kasance a gangare da ita, domin idan ambaliya ta haɗa su, abin da ke biyo baya amai da gudawa ne. Kwalarar 2021 ta kashe fiye da mutum 3,000 a Nijeriya, akasari a arewa.

Gargaɗi kam ana yi. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA mai lura da koguna ta biyo da hasashen ambaliya kafin ruwa ya sauka, ta jero ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Hukumar ƙasashen kogin Kwara da ke Yamai tana auna ruwan, akwai ma'auni a Jidere Bode kusa da inda kogin ya shigo Nijeriya, kuma cikar da aka gani a Yamai tana ɗaukar kwanaki kafin ta iso Yauri. Wato lokaci yana nan. Amma sanarwar da ta ce "ƙaramar hukumar Ngaski" ba ta gaya wa mai tunga ko gonarsa ake nufi ko ta wani da ke can kan tudu. Abin da ke cike wannan giɓin ba shi da tsada: turke a bakin ruwa da aka yi wa zane-zane, yaro ya duba safe da yamma, rediyo mai batir, da lambar wayar wani direban jirgi a Yelwa ko can sama wajen Bagudo wanda zai ga ruwan kafin ya iso. Mafi wuya a ciki shi ne shawarar da za a yanke tun ana zaman lafiya, cewa in ruwa ya taɓa zane kaza, mata da yara da dabbobi sun tashi, babu gardama. Yawancin waɗanda ruwa ke rutsawa da su sun gan shi yana tahowa, suna cewa a bari a ga gobe.

Ruwan nan kuma hanya ce, kuma a nan ne ya fi cin rai. A ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgin katako ɗauke da mutane fiye da 150 da kayansu ya tsage ya nutse tsakanin gaɓar jihar Neja da Wara. Waɗanda aka ceto da rai 20 ne da 'yan kai, aka yi kwanaki ana tsamo gawa. Jirgin ya tsufa, lodin ya wuce ƙima. Akwai kuma haɗarin da tafkin ya gada tun ranar haihuwarsa: ba duk itatuwan kwarin aka sare ba kafin a cika shi, kututturansu suna nan tsaye a ƙarƙashin ruwa, kuma idan ruwa ya rame suna dab da cikin jirgi. A Satumba 2025 wani jirgi ya ci karo da irin wannan kututture a yankin Malale na ƙasar Borgu, a ɗaya gaɓar, gomman mutane suka rasu. Ƙara da iskar farkon damina da ke tasowa ba sallama, a tafkin da faɗinsa ya wuce kilomita 20 a tsakiya. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta rigar ruwa, hukumar HYPPADEC mai kula da yankunan madatsun wuta ta raba rigunan a garuruwan gaɓa. Ranar kasuwa dai, a mashiga, wanda ya ƙirga masu rigar zai gama da wuri. Iyalin da ya zaɓi zama a bakin ruwa gara ya mallaki nasa, daidai yawan kawunan gidan, ya kuma koya wa 'ya'yansa ƙin shiga jirgin da bakinsa ke shan ruwa, ko da kuwa shi ne na ƙarshe a ranar.

Ta tudu, babbar hanyar da ta taso daga Kontagora ta bi Yelwa da Koko zuwa Jega ita ce jijiyar yankin. Wara tana gefe, sai an ratse. Gwajin kowane fili a nan guda ne: mace na naƙuda da ƙarfe 2 na dare a watan Satumba, rafi nawa za a tsallaka kafin asibitin Wara ko na Yelwa, kuma babur zai wuce? Wanda maciji ya sara a gona lissafinsa ke nan shi ma.

Cutar bakin ruwa sananniya ce. Tsargiya tana shiga jikin yaran da ke wanka da iyo a ruwa mai katantanwa, maganinta yana nan kuma ana rabawa a makarantu, amma yaro na komawa ruwa zai sake ɗauka. Zazzaɓin cizon sauro ya fi ta ɓarna. Binciken ƙasa na 2021 ya sami ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran Kebbi, mafi yawa a duk Nijeriya, dalilin da ya sa jihar ta kasance ɗaya daga cikin biyu da aka fara rigakafin cutar a Disamba 2024. Ruwan sha kuma, duk da ga tafki har iya ganin ido, ba abin da za a ɗauka an samu ba ne. A wurare da yawa dutse ne a ƙasa, rijiyar burtsatse sai an yi awo kafin a kira masu haƙa. Batun wuta ma abin a yi dariya ne don kada a yi kuka: madatsar da aka sa wa injinan megawat 760 tana can ƙarshen tafkin, ƙauyuka da yawa da suka ba da ƙasarsu dominta kuwa da sola da tocila suke kwana. Mai sabuwar tunga ya sa farantin sola cikin kuɗin gini tun farko.

Duk waɗannan ana iya shirya musu da kuɗi ko da dabara. Wanda ba ya shiryuwa ga mutum shi kaɗai shi ne tsaro, kuma a nan ne tunanin Ba'amurke mai ganin tsira tana cikin nisantar mutane ya zama guba ga mai kwaikwayo. Can baya zaman warwatse al'ada ce a ƙasar nan. Bakambare yakan kafa gidansa a tsakiyar gonarsa, nesa da kowa, in ƙasa ta gaji ya matsa gaba, ba wanda ya dame shi sai biri da gwanki. Wannan zamanin ya wuce. A ranar 17 ga Yuni 2021 'yan bindiga suka shiga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri, cikin ƙaramar hukumar Ngaski, da rana tsaka, suka tafi da ɗalibai da malamai, wasu 'yan matan ba su dawo gida ba sai a 2023. Ta gabas yankin ya jingina da ƙasar Zuru da dazuzzukan Rijau da Mariga, ta yamma a ƙetaren ruwa ga gandun dajin Kainji, inda aka sha ba da rahoton masu ɗauke da makamai a 'yan shekarun nan. Gida guda a tsakiyar daji, da shanu a turke da rumbuna a cike, talla yake yi.

Saboda haka filin da ya fi dacewa ba lallai ne mafi faɗi ko mafi arha ba. Wanda ke kusa da gari ne, inda in an yi ihu za a ji, inda waya ke kamawa, inda akwai hanyar fita fiye da ɗaya. Baƙon da ya je gaban dagaci ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, na zo neman wurin zama a ƙarƙashinka," ya riƙa zuwa gayya da suna da jana'iza, shi ne za a tuna da shi ranar da aka ga baƙin babura a daji, shi ne za a aika wa kwale-kwale ranar da ruwa ya yanke hanya. Motar hukumar agaji ta ƙasa, NEMA, ko ta jiha, in ta zo, bayan kwanaki take zuwa. Awowin farko na maƙwabta ne. Ƙasar kuwa ta jama'a ce iri-iri, Kambari da Gungawa da Lopawa da Dukkawa da Shangawa da Sarkawa da Fulani da Hausawa, Musulmi da Kirista da masu bin gargajiya, kuma wanda ya zo da girman kan ɗan birni yana kallon masu ƙasa a matsayin mutanen daji ya riga ya rushe katangarsa tun bai gina ba.

Kifi kuma kada baƙo ya sa shi cikin lissafin abincin da zai dogara da shi. Su sana'a ce mai masu ita da shugabanninta, kuma tafkin ba kamar da ba ne. Cibiyar binciken kifi ta NIFFR da ke Sabuwar Busa, tare da wani shirin haɗin gwiwa da Jamus a shekarun 1990, sun nuna yadda ƙananan raga da jan ragar dala, wanda ake yi don kama ƙananan kifin warangi, ke kwashe 'ya'yan manyan kifaye tun ba su girma ba. An hana dala, an kawo lasisi, amma giwan ruwa irin na labarin tsofaffi ya yi wuyar gani. Kainuwa ta shigo tafkin tun ƙarshen shekarun 1980 tana toshe mashigai. Mai shinkafa a gaɓa kuma yana da abokan ci biyu da ba ya gayyata: dorina da dare, tsuntsayen jan-baki da rana.

Saura maganar takarda, wadda ta fi ambaliya korar mutane daga gonakinsu a hankali. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa amana a hannun gwamna, a karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar haƙƙin mallaka na gargajiya, har hekta 500 don noma. A aikace ciniki yana farawa ne a gaban mai unguwa da dagaci da shaidu. Nan ne ya kamata a fayyace da babbar murya ko aro ne, ko haya, ko jingina, ko saye, a kuma tabbatar duk magada sun yarda, ba wanda ya fi su bakin magana kaɗai ba. A taka iyaka da ƙafa tare da maƙwabta huɗu. A tambayi inda burtali ya bi, domin gonar da ta toshe wa shanu hanyar mashaya da rani faɗa aka saya da kuɗi. Ita kuwa ƙasar da tafki ke janyewa ya bari, akwai iyalan da ke ganin ta kakanninsu ce tun kafin ruwa ya zo, ko da babu takarda ko ɗaya a hannunsu.

Akwai kuma mai haƙƙin da ba ya zuwa wurin ciniki. An san da zinariya a kewayen Birnin Yauri tun zamanin Turawa, a 'yan shekarun nan kuma dutsen litiyam, wanda ake batirin waya da na mota da shi, ya jawo kamfanoni da 'yan haƙa zuwa Libata da ke cikin ƙasar Ngaski. Kuɗi sun shigo, farashin abinci da na ƙwadago ya tashi, baƙin fuska sun yawaita. Wanda ya tuna yara fiye da 400 da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010, saboda niƙan dutsen zinariya a tsakar gida, zai so ya san abin da ake wankewa a saman rafin da iyalinsa za su sha. A doka, tsarin mulkin 1999 da dokar ma'adinai ta 2007 sun ce duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne. Mai gona na sama kawai ya mallaka, in mai lasisi ya zo abin da zai nema diyyar amfani da gini ne. Ofishin rajistar ma'adinai da ke Abuja yana da taswirar lasisin da ya bayar, kuma ana iya duba ta a intanet kafin a ƙirga wa mai fili kuɗi.